Azarar da Ban Je Na Gani Ba

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, wanda na fi kowanne jinkirtawa. Na rubuta muku labarin haihuwata da na aurena ba tare da wata wahala ba, amma wannan sau uku ina fara shi ina yage takardar. Abin da ya zaunar da ni yanzu shi ne zuwan ɗan'uwanku Nasiru a makon jiya. Magana biyu ya zo da ita. Ta farko, wani mai gina masauki a Sakkwato yana son giginyoyin da ke fadamar uwarku ta bayan Horo Birni, zai sare su duka ya yi azara, ku kuma 'ya'yana kun tattauna kun ga gara a sayar, tunda ƙafata ba ta kai ni can yanzu. Ta biyu, ya nuna mini wata takarda a wayarsa, ta kamfanin kayan gini da yake yi wa aiki. Ya ce yanzu manyan masu gini sun fara ƙin karɓar siminti ko rodi sai da irinta. Tana faɗin inda aka haƙo ƙasar, da ruwan da aka ɓatar, da hayaƙin da aka saki kafin kayan su zama kaya, sa'annan wani na dabam ya duba ya sa hannu cewa gaskiya ne. Yana ta murna, a ganinsa ya kawo wa tsoho sabon abu. Na sa tabarau na bi ta har ƙasa, na tambaye shi, shi wannan da ya sa hannu, zuwa ya yi ya gani ko gaya masa aka yi. Nasiru ya yi dariya ya ce Baba dai ba ya canzawa. Ban ji haushinsa ba. Bai san irin wannan takarda ce ta raba ni da aikin gwamnati ba.

Kun tashi kuna jin magana iri biyu a kan barina aiki. Dangin uwarku suna cewa an kama ni da ƙarya a takarda aka kore ni. Dangina suna cewa waswasi ne ya yi mini yawa har na kori kaina. Ban taɓa musa wa kowa ba, domin kowanne da gaskiyarsa a ciki, kuma na gaji da bayani tun kafin a haifi mafi yawanku. Amma ba na so ku yanke shawarar giginyoyin nan da rabin labari.

A zamanin farar hula na biyu ni ne mai kula da sito a ofishin ayyuka a Bodinga. Ilimina na firamare ne, ba ni da wata takarda bayan ita. An ba ni sito ne saboda halina, wanda kuka sani. Mutum ne ni da in na kulle ƙofa na hau keke, sai na kai bakin kasuwa in juyo in sake jan kwaɗon. Abokan aiki suna kirana Malam Ummaru Sake-Dubawa. Lokacin gini ake yi ko'ina, ajujuwa da gidajen malamai da ɗakunan shan magani, tun daga Bodinga har Dandin Mahe da Kajiji. Tipa tana shiga tana fita. Wanda jiya yake sayar da albasa yau ya zama ɗan kwangila. Ni dai aikina in karɓi kaya, in duba, in ajiye, in fitar.

Shugabanmu wani injiniya ne mutumin Yawuri, Sa'idu sunansa, amma Injiniya kowa ke kiransa. Mutum ne marar yawan magana, mai ciwon ciki, kullum da kwalbar magani a aljihun tebur. A garinsu ya ga yadda masu ɗibar yashi suka ci gaɓar rafi har gonakin mutane suka zube ciki, abin bai bar ransa ba. Saboda haka ya ƙirƙiro wata takarda da kansa, ya sa aka buga da keken rubutu, ya ce kada in karɓi yashi ko tsakuwa ko itace a sito sai da ita. Layi uku ne kawai. Na farko, daga ina kayan suka fito. Na biyu, me aka ɓata kafin a same su. Na uku kuwa an riga an rubuta shi, “Na je, na gani,” sai wurin sa hannu. 'Yan kwangila suna yi mata ba'a, suna kiranta layar Injiniya. Ranar da ya miƙa mini damin takardun na farko ya ɗora yatsa a ƙasan takardar.

“Malam Ummaru, layi biyun farko kowa na iya cika su yana kwance a gado. Na ukun nan shi ne aikinka.”

Na riƙe maganar fiye da yadda shi ma ya zata. Shekara biyu ina bin tipa a kan keke, wani lokaci in hau bayanta. Na hana a ɗebi yashi a ƙarƙashin wata gada. Na sa wani ya cike ramin da ya haƙa kusa da makaranta kafin damina ta mai da shi kududdufi. An zage ni, an yi mini tayin goro na ƙi, an kai ƙarata. Ban taɓa sa hannu a wurin da ƙafata ba ta taka ba. Ina faɗin wannan ba don yabon kai ba, sai don ku gane cewa abin da ya biyo baya ba rashin sani ne ya jawo shi ba.

Ku da kuka girma a ƙarƙashin kwano da silin ba ku san azara sosai ba. Gangar giginya ce ake tsagawa tsawo-tsawo a yi rufi da ita, gara ba ta cinta, tana iya wuce shekarun wanda ya ɗora ta. Giginya kuwa akwai namiji akwai mace. Namiji ba ya 'ya'ya, shi ne na azara, itacensa baƙi ne mai nauyi. Macen ita ke zubo 'ya'ya, a sha zaƙinsu, a tara ƙwallayen a binne a rami farkon damina, bayan girbi a tono muruci a dafa. Ƙa'idar Injiniya ita ce ba a karɓar azarar mace. Matsalar ita ce tsohuwar mace in aka tsaga ta, bayanta baƙi ne kamar na namiji, ba mai iya rantsuwa a kan itacen da ke kwance a sito. Sai an je gindin kututturen. In mace ce za ka iske tsofaffin ƙwallaye da ɓawo a warwatse, da ƙananan tsiro suna leƙowa. In namiji ne ƙasa fayau.

Kakarku ta wajen uwa, wadda har yau bakina ba ya iya kama sunanta, sai dai in ce Tsohuwa, tana da giginyoyi a fadama, gadon ubanta. Ba zan faɗi yawansu ba don ban ƙidaya su suna tsaye ba. Duk shekara bayan girbi uwarku takan je ta dawo da buhun muruci, mu ci mu ba maƙwabta. Tsakanina da Tsohuwa kuwa irin kunyar da ake yi a da ce. Shekara bakwai da aure ban taɓa ganin fuskarta sosai ba. In na je gaisuwa, a zaure nake tsugunawa in cire takalmi tun daga nesa, ita tana bayan dangar kara, ta ce a gaya wa baƙo ta amsa. In na hango ta a hanya in ratse cikin gona. Ba ni kaɗai ba, haka kowa ke yi.

A ranin shekarar da nake ba ku labari, aka ba kawunku Garba, wan uwarku, aikin kawo azara ta gidajen malamai. Kada ku ɗauke shi mugu. Manomin albasa ne da ya gaji da jan ruwa da guga, yana son injin ban ruwa, ya ga kowa na samu ya ce shi ma bari ya taɓa. A lokacin shinkafar waje ta cika kasuwa, har yara suna raina tuwon dawa, balle muruci. Ya iso da mota ta farko da hantsi, aka sauke a gaban sito. Na bi azarar ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa, ina kankara da wuƙa, ina shinshinawa. Duk baƙa ce mai nauyi. Yana tsaye a inuwa yana kallona.

“Ummaru, mi kaka dubi haka awa mai sayen doki? Maza na duka. Ni da kaina nit tsaya anka sare su.”

Na tsuguna na sake gaishe shi, na ce Yaya, ba wai ban yarda ba, takardar ce ta ce sai an je an gani. Bai ɗaga murya ba. Murmushi ma ya yi.

“To taho mu tahi. Ka shiga hwadamar Inna ka bi kututture kana tonon ƙasa, ita tana kallonka. In ta tambaya, sai in ce mijin ɗiyarki na, bai yarda da maganata ba.”

Na roƙe shi ya ba ni zuwa gobe. Na koma gida da takardar a aljihu, na kasa cin abincin rana. Uwarku tana goyon Hadiza a lokacin, ba ta daɗe da gama wankan jego ba. Na gaya mata komai. Ta ce ita ba ta san aikin ofis ba, amma ta san Yaya ba zai taɓa matan giginyar Inna ba, don da murucinsu aka rene su duka. Ta ce in na je, garinsu gaba ɗaya za a ce an turo suruki binciken ɓarawo, ƙaƙa za ta ɗaga ido ta dubi wanta bayan haka. Ba ta matsa mini ba, kada ku ɗora mata. Tambaya kawai ta yi. Na yi ta auna abin, in na tuna fuskar Injiniya sai in ce zan je, in na tuna dangar karan nan da muryar da ke bayanta sai in fasa. Na gaya wa kaina cewa na ga itacen da idona, ai wannan ma gani ne. Na gaya wa kaina cewa mutum ba ya cutar uwarsa. Da safe na cika layi na farko, na rubuta a na biyu cewa tsofaffin maza aka sare ba a taɓa mace ba, na sa hannu a na uku. Biron ma ya ƙi rubutu da farko, sai da na goga shi a tafin hannu. Takarda ɗaya ce ta rufe dukan aikin, tunda wuri ɗaya kayan ke fitowa. Motoci suka yi ta zuwa har zafi ya shigo, ni kuma ina karɓa.

Ban sami natsuwa ba tun daga ranar. In na shiga sito na ga azarar a jere sai in kau da kai. Sau biyu na ɗauki keke da niyyar zuwa, na kai mararraba na juyo. Wanda bai san waswasi ba yana zaton yana sa mutum yin daidai. Ba haka ba ne. Wani lokaci sai ya cinye ƙarfin da za ka yi daidai da shi, ya bar ka a zaune kana zufa.

Daminar shekarar ba ta yi ba. Ruwa ya zo a makare ya ɗauke da wuri, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Kuɗin gwamnati ma ya ƙafe, aka dakatar da gine-gine, albashi ya koma sai an ga dama. Shinkafar da ta cika kasuwa ta ɓace kamar ba a taɓa yinta ba, mutane suna layi tun safe saboda sabulu da madara. Gidanmu muka koma ci sau biyu, na biyun ma kunu ne. Bayan ɗan abin da aka girba, uwarku ta ce bari ta je gida ta ɗebo muruci, ko ba komai zai riƙe yara. Ta yi kwana biyu ta dawo. Na ga ta sauko daga mota da Hadiza a baya, ba buhu, sai ɗan ƙulli a gefen zane. Ta kwance shi a tabarma, muruci ne bai fi a ƙirga da yatsu ba, sirara. Ba ta dube ni ba. Ta ce Inna ta ce a ba yara. Na tambaye ta ina sauran. Ta gyara goyo ta amsa.

“Malam, hwadamar ta zama fili. Huɗu sunka rage.”

Washegari na ɗauki keke. Abin da na kasa yi lokacin da yake da amfani, na yi shi lokacin da ba ya da shi. Ban bi ta gidan ba, na zagaya ta bayan gari na gangara fadama. Da, tun daga nesa kake jin ganyen giginya yana kaɗawa kamar ana shara. Ran nan shiru. Kututture ne a ko'ina, sun yi fari a rana. Na jingine keke na fara bin su. Ban sha wahalar tono ba. A gindin na farko tsofaffin ƙwallaye ne birjik, na biyu haka, na uku haka. Nan da can in iske namiji. Ina tsugune a gindin wani babba, hannuna cikin ɓawo, sai na ji tafiya a bayana. Ita ce, da ƙwarya a kai da sanda. Na rasa inda zan shiga, ba gona ba danga. Na sunkuyar da kai har haɓata ta taɓa ƙirji, na fara gaisuwa ina maimaitawa. Ba ta ce a gaya wa baƙo ba. Ta sauke ƙwaryar ta zauna a kan kututturen da ke kusa.

“Kai, ɗago kanka. Wagga da kaka taɓawa sunanta Mai Zaƙi. Waccan Doguwa, ubana yash shuka ta shekarar da anka haihe ni. Waɗancan biyu Tagwaye.”

Ta yi ta kiran sunayensu tana nunawa da sanda, kamar mai gabatar da dangi. Sa'annan ta gaya mini yadda aka yi. Motar farko maza ne da gaske, sai mata biyu da aka haɗa don a cika. Da ta ga an taɓa mata ta fito ta tsaya a gaban masu gatari ta ce ba ta yarda ba. Garba ba ya nan, ya tafi Bodinga. Da ya dawo, masu saran suka nuna mata kwafin takarda, suka ce gwamnati ta yarda, mijin ɗiyarta da kansa ya zo ya duba ya sa hannu. Ba ta iya karatu ba, amma ta san ni, ta ji labarin mutumin da ke komawa ya ja kwaɗo. Ta ce a ranta in dai shi ya gani, to akwai abin da ita ba ta sani ba. Ta so ta aiko a tambaye ni, ta kasa. Ta kuma hana a gaya wa uwarku don tana jego.

“Kai kaj ji kunyar zuwa, ni nij ji kunyar aikawa. Shekara bakwai muna kunyar juna, ga abin da ta aje muna. Da ka zaka rannan, da na gwada ma su ɗaya ɗaya, ko da bayana zan ba ka.”

Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na ce ta yafe mini, ta ce ta yafe, amma yafewa ba ta tsiro da giginya. A cikin ƙwaryar akwai ƙwallaye da ta tsinto a gindin huɗun da suka rage, na ƙarshe ke nan, waɗanda za ta ajiye ta binne ta sami ɗan muruci baɗi. Ta tura ƙwaryar gabana da sanda. Ta ce in ajiye su har ruwan farko, in zo in shuka su a gefen da zai zama rabon uwarku, kada in tono su. Na ce Inna, ku me za ku ci. Ta ce ita ta ci nata tun tuni. Ta ƙara da cewa kada in yi gaggawa, giginya ba ta nuna ko namiji ce ko mace sai wanda ya shuka ta ya yi furfura. Ban sake jin muryarta ba sai da danga a tsakaninmu. Da na koma gaisuwa bayan wannan, a gaya wa baƙo ta ce, kamar ba a yi komai ba.

Na dawo Bodinga na zauna na rubuta wasiƙa zuwa ga Injiniya. Na ce takarda lamba kaza da na sa wa hannu ƙarya ce, ban je ba, ban gani ba, yanzu na je na ga mafi yawan abin da aka sare mata ne. Na kai masa da kaina. Lokacin ya rame, ciwon cikin ya ci shi, an kuma ce za a mayar da shi wani wuri. Ya karanta sau biyu, ya ninke ta ya miƙo mini. Ya ce in mayar da ita aljihu, ba wanda zai taɓa buɗe wancan fayil, itacen kuma ba zai koma ya tsaya ba. Ya ce ina da iyali, lokacin kuma ba na wasa da aiki ba ne. Na karɓa na fita. Kwana uku tana aljihuna, ina jin ta kamar garwashi. Uwarku ta ce in na miƙa ta, sunan Yaya zai shiga ciki. Na ce na sani. Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗe. A rana ta huɗu na wuce ofishin Injiniya na kai ta wurin akawu, ya buga mata hatimi ya sa a fayil. Da Injiniya ya ji, ya kira ni. Ya daɗe yana juya kwalbar maganinsa a tebur.

“Ni na ƙirƙiro takardar nan don in kama masu ɓarna. Duk ofishin nan kai kaɗai ka ɗauke ta da gaske, kai kaɗai kuma za ta ci.”

Haka aka yi. Malaman daji suka kira kawunku suka yi masa faɗa, aka cire sunansa daga masu kawo kaya. Ba da daɗewa ba soja suka karɓi mulki, aka ce za a rage ma'aikata, aka turo mutane su duba fayil-fayil. Na san waɗanda suka sa hannu a kan ginin da ba a taɓa aza harsashinsa ba, fayil ɗinsu fes, don ba wanda ya rubuta komai. A nawa kuwa ga ƙarya a rubuce, ga mai ƙaryar ya amsa da hannunsa, ga hatimi. Ba su ma kira ni ba. Sunana na gani a allo. Na miƙa makullan sito, na hau keke, na kai bakin kasuwa, sai na ji ƙafata tana son juyawa in duba kwaɗo. Na tsaya a nan na ɗan lokaci kafin na tuna ba nawa ba ne kuma.

Abin da ya biyo baya kun rayu a cikinsa. Awon hatsi a kasuwa, ɗinkin buhun albasa, rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya. Ɗan'uwanku Usman ya bar makaranta a aji uku na sakandare, na san har yau abin yana ransa, yana da gaskiya. Kawunku ya yi shekara tara bai taka gidanmu ba. Uwarku takan je ganin Tsohuwa ta dawo ba ta sha ruwan gidan wanta ba, ba ta kuma taɓa ce mini kai ka jawo ba, ko sau ɗaya, wannan shirun ma nauyi ne. Sai a zaman makokin Tsohuwa ya miƙo mini hannu. Gidajen malaman kuwa rabinsu ba a taɓa rufa su ba. Shekaru ina wucewa ta bayan sito ina ganin azarar a zube cikin ciyawa, gara ta ƙi ta, ruwa ya ƙi ta, tana nan baƙa ƙirin, har aka yi ta ɗauka ɗaya ɗaya. Mai Zaƙi da Doguwa suna ciki, ban san wacce ce wacce ba.

In kun tambaye ni ko wasiƙar nan ta gyara wani abu, ba ta gyara ba. Ban kuma san ko daidai na yi da na saka ku cikin wahala saboda ita ba. Na auna wannan fiye da shekara arba'in, ban gama ba, na dai gaji. Abin da na sani shi ne na shuka ƙwallayen a ruwan farko, guda ashirin da huɗu, na kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki. Shekaru da yawa ba abin da ake gani sai ganye a ƙasa, har mutanen garin suna cewa surukin gidan ya zo gaida ciyawarsa.

Bayan tafiyar Nasiru na kasa zama. Ranar Alhamis na ɗauki ɗan kabu-kabu, ban gaya wa kowa ba don na san za ku hana. Hanyar ta girgiza mini ƙashi, har yau bayana bai saki ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da sanda, na tsuguna inda gwiwa ta yarda. Na iske wata mata tana tara ƙwallaye a rami, da na tambaya ashe matar jikan kawunku Garba ce, da murucin take sayen littafin yaranta. Ba ta san ni ba. Ta ce in dattijo yana son saye sai bayan girbi.

Ga abin da na samu, na rubuta shi yadda aka koya mini. Kayan suna fadamar uwarku, gabas da tsohuwar rijiya. Goma sha huɗu suka rayu. Tara mata ne, na ga ƙwallaye a gindinsu, ba a taɓa su. Huɗu maza ne, na ɗaura musu jan ƙyalle, a cikinsu a bar biyu domin mace ba ta 'ya'ya in ba namiji kusa. Ɗaya kuma, ta bakin hanya, ban tabbata ba, idona bai kai samanta ba kuma an share gindinta, saboda haka a bar ta. Biyu ke nan za ku iya sayar wa mai masauki, in ya ga sun yi masa kaɗan ya nemi wani wuri. Abin da za a ɓata in an sare biyun shi ne inuwar da masu ban ruwa ke hutawa a ciki, da gidan wasu tsuntsaye, a gaya wa mutanen wurin tukuna.

Na kwafe wannan a takarda dabam, tana cikin akwatina a saman takardun gona. A ƙasanta na rubuta layi na uku, na ja wurin sa hannu guda biyu. Na cika ɗaya, wannan karon biron bai ƙi ba. Amma idona ya tsufa, ina iya ɗaura ƙyalle a inda bai kamata ba, kada kuma wani cikinku ya ji kunyar ya binciki maganar ubansa. Ɗayan wurin na bar shi ga wanda zai je a cikinku, ya tsuguna a gindin kowace, ya sa hannu cikin ƙasa.